Injin turbo da ke lafiya da safe, yana ƙwanƙwasa da rana: mene ne maganinsa?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka sayi injin Toyota 3S-GTE da aka hawo da shi daga Kwatano, ka ɗora shi a tsohuwar Carina, kuma da yake bai zo da kalkilater ɗinsa ba, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar inji, sai ka haɗa masa wani kalkilater mai suna Speeduino ka zuba taswirar man, wato jadawalan saiti, da wani Bature ya saka a intanet. Da sanyin safiya mota lafiya lau. Idan rana ta take, ka taka totur a hanyar Tibiri har turbo ya cika, sai ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani. A tsaye kuwa hayaƙi baƙi ne, buji ma ya yi baƙi ƙirin. Kana tambaya ko ka ƙara kashi 10 a duk jadawalin VE, jadawalin yadda silinda ke cika da iska, ko kuwa in turo maka tawa taswirar.

Ko ɗaya ba zan ba ka shawara ba. Kafin ma mu je ko'ina, don Allah kada ka sake taka motar nan har turbo ya cika. Wannan ƙarar tsakuwar, esansi ne yake fashewa da kansa a gefen silinda kafin wutar buji ta iso wurin, kuma kowace fashewa guduma ce a kan fistan. A injin da babu turbo ana iya jin ta wata da watanni ana tafiya. A injin da ake ɗura wa iska, ƴan daƙiƙu sun isa su fasa bakin fistan ko su ƙone gasket.

Bari mu fara da abin da jadawalin nan yake nufi, domin a nan mafi yawan yaranmu ke ɓata. Suna ganinsa a matsayin jadawalin mai: a ƙara lamba mai ya ƙaru, a rage ya ragu. Haka abin yake a ido, amma lambar ba ta mai ba ce, ta numfashi ce. Injinka lita 2 ne, silinda huɗu, kowace na ɗaukar rabin lita. Duk lokacin da fistan ya sauka ya ja iska, silindar ba ta cika fal da irin iskar da ke jira a bututun shiga, saboda bawul na buɗewa ne na ɗan lokaci, hanyar ƙarama ce, kuma akwai ragowar hayaƙi da bai gama fita ba. Idan ta samu kashi 90 cikin 100 na abin da ya kamata ta ɗauka, to VE ɗinta 90 ne. Ka ɗauka tiya ce a kasuwa. Girman tiya ba ya canzawa, amma wani awon a cike yake, wani da saura. Sannan tiyar gero da tiyar dusa ba nauyinsu ɗaya ba. Jadawalin VE shi ke faɗin yadda tiyar ta cika. Matsin iska da zafinta su ke faɗin ko gero ne a ciki ko dusa, kuma waɗannan biyun kalkilater na karanta su da kansa daga na'urorin awo.

Shi ya sa za ka ji wani na cewa injin turbo yana da VE 180, wani kuma ya ce 95, kuma duk suna da gaskiya. Na farko yana gwadawa da iskar waje, na biyu da iskar da turbo ya riga ya matsa a bututu. A Speeduino akwai wurin zaɓi, ko kalkilater ya riƙa ninka lambar jadawali da MAP, wato matsin iskar da ke bututun shiga, ko kada ya ninka. Akwai kuma wani zaɓin na ko ya haɗa lissafinsa da jadawalin cakuɗin iska da mai da ake nema. In Baturen nan ya kunna su, kai naka a kashe, lambobinsa 256 ɗin nan, gurbi 16 sau 16, ba su da wata ma'ana a motarka. Ka duba wannan tun yau.

Ga lissafin da kalkilater yake yi, mu yi shi da hannu sau ɗaya ka ga inda kowane abu ke shiga. A ce matsin bututu kPa 200 ne, wato kusan ninki biyu na matsin iskar waje, zafin iskar digiri 50. Lita ɗaya ta irin wannan iska tana da nauyin giram 2.16. Rabin lita giram 1.08 ke nan, in VE 90 ne sai ya rage giram 0.97. Esansi yana ƙonewa tas ne idan aka ba shi iska ninki 14.7 na nauyinsa, shi ne lamda 1. Amma a ƙarƙashin matsin turbo da gangan muke ba shi mai fiye da haka, wajen lamda 0.80, wato iska 11.8 ga mai 1, domin rarar man ta sanyaya cikin silinda. Saboda haka ana buƙatar miligiram 83 na esansi. Ka ce injektocinka, masu fesa mai cikin inji, masu 440 ne, wato santimita kubik 440 a minti, wanda ya zo kusan miligiram 5.4 a kowace milisakan. Sai ya zama dole injekta ya zuba mai na milisakan 15 da ɗoriya, a ƙara masa kusan milisakan 1 da yake ɓatawa kafin ya buɗe, jimla wajen 16. A juyi 6000 a minti, zagayen aikin silinda gaba ɗaya milisakan 20 ne. Ka ga injekta na buɗe kashi 80 cikin 100 na lokacin. Wannan ita ce iyakar da nake so a tsaya kusa da ita. In ka ce sai ka ƙara matsi sama da haka da waɗannan injektocin, duk lambar da ka rubuta a jadawali ba za ta haifar da man da babu lokacin zuba shi ba.

Abin lura a lissafin nan shi ne, kalkilater bai ga mai da idonsa ba. Ya yarda ne da abin da aka gaya masa: girman injekta kaza ne, jinkirin buɗewarsa kaza ne, matsin famfon mai daidai yake, awon zafi gaskiya ne. Duk wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kai mai saiti za ka rufe ƙaryar da canza lambar VE ba tare da ka sani ba. Mota za ta yi kyau a ranar, gobe yanayi ya canza ƙaryar ta fito. Taswirar Baturen nan tana ɗauke da gaskiyar injinsa, da kuma kurakuran injektocinsa da famfonsa da turbonsa, duk a dunƙule. Tawa ma haka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Baƙin hayaƙin da kake gani a tsaye, zargina na farko jinkirin injekta ne. A tsaye matsin bututu wajen kPa 35 ne, kuma man da ake buƙata bai wuce na milisakan 1.2 ba. In an rubuta jinkirin da kuskuren milisakan 0.3 kacal, ka ƙara ko ka rage rubu'in man ke nan. Wannan kuskuren dai, a can sama inda ake zuba na milisakan 15, kashi 2 ne kawai. Jinkirin kuma yana tsawo idan wutar batir ta yi ƙasa, ga shi batir ba ya jimawa a zafinmu. Gwaji mai sauƙi: injin na aiki a tsaye, kunna fitilu da fanka da na'urar sanyi gaba ɗaya. Idan lamda ta gusa sosai, jadawalin jinkirin ne bai yi daidai ba, ba VE ba. Yanzu ka ga dalilin da ya sa ƙarin kashi 10 a ko'ina zai daɗa lalata ƙasan jadawalin, inda mai ya riga ya yi yawa.

Akwai abin da ya faru a garejina wata bazara da har yanzu yake damuna. Mun kwana biyu muna saita wata mota mai turbo. A ƙasan jadawali komai daidai, amma da mun haura kPa 150 sai lamda ta riƙa nuna ƙarancin mai, ni kuma ina ta ƙara lamba: 95, 100, 105. Injin da ya kamata numfashinsa ya tsaya kusan wuri ɗaya, sai ga shi a takarda yana ƙara cika da ƙarin matsi. Ya kamata wannan ya tsayar da ni, amma lamda ta zo inda nake so, na sallami mai mota. Bayan mako biyu aka jawo ta da igiya daga bayan Tasawa. Da muka buɗe, fistan na uku ya narke a gefe kamar an lasa masa wutar walda. Sai da na bi kowane tiyo da yatsa na samu dalilin. Ɗan siririn tiyon da ke kai matsin bututu zuwa na'urar daidaita matsin mai ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani, robar ta bushe ƙamas saboda zafi. Aikin tiyon nan shi ne, in turbo ya ƙara bar 1, wato kPa 100, matsin mai ma ya tashi daga bar 3 zuwa 4, domin ratar da injekta ke turawa da ita ta zauna a 3. In ya tsage gaba ɗaya ratar ta koma 2, man da ke fita ya ragu da kusan kashi 18. Lokacin da nake saiti tsagar ƙarama ce, na rufe ta da lamba. A hanya ta ida buɗewa. Tiyon da ko jika ɗaya bai kai ba ya ci injin bawan Allah, kuma alhakin rashin tsayawa in bincika yana kaina. Tun daga ranar ba na taɓa jadawali sai agogon matsin mai na manne inda zan gan shi muna tafiya.

Yanzu batun safe da rana. Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi. A ce da asuba lokacin hunturu waje digiri 18 ne, turbo ya ninka matsi biyu. Iskar za ta fito daga cikinsa wajen digiri 110, intakula mai kyau, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, ya sauko da ita wajen 40. A watan Afrilu ko Mayu kuwa, da azahar waje na kai 42. Iskar ta fito wajen 140, intakula ɗin nan dai ya sauko da ita wajen 65, shi ma in ƙura ba ta toshe haƙoransa ba. Bambancin nauyin iskar, kusan kashi 7, kalkilater zai gyara shi da kansa muddin na'urar awon zafi tana bayan intakula, kusa da ƙofar totur, ba a gaban turbo ba. Abin da ba zai gyara da kansa ba shi ne saurin fashewar esansi cikin iska mai zafi. Wannan sai ka gaya masa. Akwai jadawalin da ke jinkirta wutar buji gwargwadon zafin iska, kuma wanda ya yi saitinsa a ƙasar da zafin bazararta bai kai na watan Fabrairunmu ba, sau da yawa yakan bar shi fanko. Ni nakan fara janye digiri 1 daga zafin 45, in riƙa ƙara 1 a kowane ƙarin digiri 5 zuwa 6 na zafi. Ina kyautata zaton nan ne babban ciwon motarka: lokacin wutar, abin da muke ce wa abansi, ƴan Najeriya su ce taimin, ya yi gaba da yawa ga iskar azahar ɗin Maraɗi.

Sai esansin kansa. Bature yana saiti ne da mai oktan 95 ko 98 da aka rubuta a jikin famfo, oktan kuwa shi ne ma'aunin juriyar esansi ga fashewa da kansa. Mu kuwa yau ka sha na tasha da ya fito daga matatar SORAZ ta Damagaram, gobe tafiya ta kama ka ka tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa, kwalba ba ta da rubutu, wani lokaci ma jarkar da aka ɗebo shi ta taɓa ɗaukar kananzir ko gazuwal. Ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya saukar da oktan. Ra'ayina a nan ba ya canzawa: a saita injin a kan mafi munin man da za a iya zuba masa, a rana mafi zafi. Dawakai goman da za ka rasa a ƙarfin inji ba za ka ji rashinsu ba a hanyar Dakoro.

Wani ƙaramin abu da ke rikita mutane: agogon turbo da ke kan dashbod yana ƙirga ne daga matsin iskar waje, kalkilater kuwa daga sifili. Garinmu bai kai mita 400 sama da teku ba, saboda haka kafin ka tada injin za ka ga MAP na nuna wajen 96 ko 97. In ka ga abin da ya yi nisa da haka, an zaɓi na'urar da ba ita ba a saiti. Bar 1 a agogo kuwa wajen kPa 197 ne a jadawali.

Ba ka ambaci na'urar awon lamda ba a saƙonka, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Sondin, wato na'urar awon lamda, da ke zuwa da irin waɗannan injina mai gajeren zango ne. Wutar lantarkin da yake bayarwa tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, abin da ya sani kawai shi ne an wuce lamda 1 ko ba a kai ba. Ba zai bambance maka 0.90 da 0.78 ba, alhali tsakanin waɗannan biyun ne rayuwar fistan take. Kana buƙatar mai faɗin zango, irin Bosch LSU 4.9 da akwatinsa, a ɗaura shi bayan turbo, kuma kada a samu ko ƙaramar ɓula a salansa kafin wurinsa, don iskar waje za ta shiga ya ce mai ya yi kaɗan. Haka ma in buji na tsallake wuta, iskar da ba ta ƙone ba za ta sa ya faɗi haka, kai kuma ka yi ta ƙara mai a banza. Ka sa sababbin buji, ka matse bakinsu zuwa wajen milimita 0.7. In babu kuɗin sondin nan yanzu, a jira har a samu. Saiti ba tare da shi ba lalube ne cikin duhu.

In kayan sun haɗu, ga yadda nake bi. Da fitilar taimin nake farawa, in tabbatar digirin da kalkilater ke faɗa shi ne a kan fuli. Sai in cire duk abin da ke ƙara matsi, in bar turbo a kan sifirin ɗin wesget kaɗai, wato ƙofar da ke kayyade matsinsa, mafi ƙanƙantar matsin da zai iya bayarwa, in kuma janye abansi da digiri 4 ko 5 a duk gurabun da ke sama da kPa 100. Sannan in rubuta cakuɗin da nake nema: lamda 1 a tsaye da tafiyar yau da kullum, wajen 0.88 a kPa 100, 0.82 a 150, 0.78 zuwa 0.80 a 200. Kada tsoro ya sa ka gangara ƙasa da 0.75, domin esansin zai wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya sauka cikin kwanon inji ya tsinka shi. Injin ya yi zafinsa na aiki, a kashe gyaran da kalkilater ke yi da kansa daga sondi, sannan a fara daga ƙasa: tsaye, tafiya a hankali, rabin totur. Gyaran kowane gurbi lissafi ɗaya ne: lambar da ke ciki, a ninka da lamdar da aka gani, a raba da wadda ake nema. Gurbi na da 90, kana neman 0.80, ka ga 0.86, sabuwar lamba 97. TunerStudio, shirin kwamfutar da ake saiti da shi, na iya yin wannan da kansa kana tafiya, kuma yana da amfani a ƙasan jadawali, amma ban yarda a sake masa gurabun turbo ba.

Gurabun sama kuwa, mutum biyu ne aikin, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta idonsa a kan lamda. Giya ta uku, daga juyi 2000, a taka a saki a 3500, a tsaya a karanta abin da aka naɗa, a gyara, a sake zuwa 4500, haka har sama. Da lamda ta haura 0.85 cikin matsi, ko kunne ya ji tsakuwa ko sau ɗaya, a ɗaga ƙafa nan take. Ku nemi miƙaƙƙiyar kwalta wadda kuka sani, ba ranar kasuwar wani ƙauye da ke bakinta ba, domin amalanke da garken shanu ba sa jiran kowa.

Idan ka gama, ka kalli siffar jadawalin. Na gaskiya sumul yake: yana hawa a hankali daga ƙananan juyi, ya kai ƙololuwa a inda injin ya fi ƙarfin ja, ya gangara a sama yayin da hayaƙi ke cunkushewa a bakin turbo yana hana sabuwar iska shiga. Gurbi ɗaya da ya yi tsalle ya bar maƙwabtansa, ko layin da ke ta hawa da ƙarin matsi kamar wanda na ba ka labari, ba numfashin inji ba ne, wani abu ne ya lalace a waje. A daidai ƙololuwar nan kuma silinda ta fi cika, nan ƙwanƙwasa ta fi zuwa, don haka nan abansi zai fi ja baya. Sai mai ya zauna daram sannan a fara mayar da abansi digiri ɗaya-ɗaya, da azahar, ba da asuba ba.

Ga masu karatu da ke da Hilux ko Land Cruiser na gazuwal, waɗanda su suka fi yawa a turbobin garin nan: kada ku ɗauki wannan ku kai can. A injin esansi rarar mai tana sanyaya silinda. A na gazuwal ƙarin mai ƙarin zafi ne, baƙin hayaƙin da wasu ke murna da shi alama ce ta iska ta gaza. Can zafin hayaƙi ake awo kafin turbo, kuma ba na son ya daɗe sama da digiri 700.

Kai kuma ƙanena, kafin mu sake magana ka yi mini abu huɗu: hoton shafin saitin injekta da na zaɓin ninka MAP, hoton inda na'urar awon zafin iska take a ɗaure, awon matsin mai a tsaye da tiyon a haɗe da kuma a cire, sai naɗin tafiyar minti goma cikin gari da rana ba tare da turbo ya cika ba. Ka cire buji huɗun ka jera su bisa tsarin silinda, ka duba farin jikinsu da kyau a hasken rana. In ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar garin azurfa, fistan ya riga ya fara zuba, sai a auna matsin kowace silinda kafin a yi maganar saiti. In babu, ka kawo motar bayan la'asar, a hankali, mu ɗaura mata sondina mu fara daga tsaye.